Horar da Masu Binciken Numfashin Masu Raunin Tsoka: Ta Ina Za a Fara a Gandi?

Mai asma idan ciwonsa ya tashi, gida duka sai ya sani. Ƙirji na kuka, yana fizgar iska, kowa ya rikice, a nemi mashin a yi asibiti da shi. Wanda tsokokin numfashinsa suka raunana ba haka yake ba. Huhunsa lafiya lau, hanyar iska a buɗe take, ƙarfin jawo iskar da tura ta ne ya gaza. Ku dubi zuga-zugin maƙeri: fata ba ta huje ba, bututu bai toshe ba, hannun mai zuga ne ya mutu, sai wuta ta yi ta lafawa. Irin wannan majinyaci yakan kwanta shiru, numfashi gajere-gajere, magana a gutsure, masu jinya su ce alhamdu lillahi ya samu barci. Da asuba a tarar rai ya yi halinsa. In ma an rubuta dalili, sai a ce zazzaɓi ko namoniya.

Da mutum iri biyu nake magana a yau. Akwai malamai da likitocin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da asibitin koyarwarta a Sakkwato, waɗanda ɗalibansu ke neman abin da za su yi bincike a kai. Akwai kuma ƙannenmu malaman asibiti da ke zaune a sha-ka-tafi na Gandi da Rabah da Wurno da Goronyo, waɗanda majinyacin ke fara isowa hannunsu. Shawarata a dunƙule ita ce: kada a jira manyan na'urori kafin a fara. A koya wa waɗanda suke wurin su auna numfashi da kayan araha, su auna iri ɗaya, su maimaita, su rubuta. Wanda ya iya wannan ya shiga sahun masu bincike, ko bai taɓa taka dandalin jami'a ba.

Wani zai ce ai waɗannan cututtukan Turawa ne, mu da muke fama da zazzaɓin cizon sauro da tamowa. To bari mu lissafa namu. Mutanen da shan inna ya kama tun suna yara suna nan a kowane gari. An ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji ranar 25 ga Agusta 2020, amma wanda ƙashin bayansa ya karkace, ƙirjinsa ya matse, bai rabu da komai ba, kuma numfashinsa na iya fara gazawa bayan shekaru masu yawa. Ga cutar Guillain-Barré, wadda kan biyo bayan gudawa ko mura: rauni ya faro daga ƙafa yana hawa, kuma tsakanin kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na masu ita sukan buƙaci injin numfashi. Ga mashaƙo, wanda ya ɓarke a Arewa daga ƙarshen 2022, ya fi tsanani a Kano: yaro ya warke daga ciwon maƙogwaro, bayan 'yan makonni murya ta koma ta hanci, kunu ya riƙa fitowa ta hanci, daga baya raunin ya kai ga tsokar numfashi. Ga maganin feshi a fadamun Rima, daga gonakin madatsar ruwan Goronyo zuwa shinkafa da albasar Wurno, da fiya-fiyar da ake ajiyewa a ɗaki. A 1987 wasu likitoci biyu na Sri Lanka, Senanayake da Karalliedde, suka bayyana yadda wanda ya sha irin wannan guba kan farfaɗo, sai kwana 1 zuwa 4 bayan nan wuyansa ya saki, numfashi ya tsaya. Ga saran maciji: kububuwa jini take tsinkawa, amma wasu daga dangin gamsheƙa jijiya dafinsu yake kashewa, kuma wani likita, David Warrell, da abokan aikinsa sun rubuta irin wannan a Najeriya tun 1976. Sai cututtukan gado irin su Duchenne, wadda ke kama kusan yaro namiji 1 cikin 3,500 zuwa 5,000: yaron da in zai tashi daga ƙasa sai ya dafa gwiwoyinsa ya hau jikinsa da hannu, yana kai shekara goma ko sha biyu tafiya ta gagara. A Newcastle ta Ingila an nuna cewa masu wannan cuta a shekarun 1960 sukan rasu suna da kimanin shekara 14, amma da aka fara taimaka musu da injin numfashi cikin dare, matsakaicin ya haura 25.

To wa za a horar? Kada a ɗauko baƙo daga birni wanda zai zo sau ɗaya a wata ya koma kafin la'asar. A ɗauki malamin asibitin da ya san cewa wance 'yar wane ce, da nas ko ungozoma mace, domin matar aure ba za ta kwanta gaban namiji ya dubi motsin cikinta ba, kuma tana da gaskiya. A haɗa su da ɗalibi ɗaya daga jami'a mai kula da lissafi da rubutu, da likitan gashin ƙashi ko na jijiya mai duba aikinsu. Wannan tsari ba sabo ba ne a ƙasar nan. Marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun na Ibadan, a shekarun 1980, ya horar da mutanen da ba likitoci ba suka bi gida-gida a Igbo-Ora da takardar tambayoyi, suka tace mutum kusan 19,000, sannan likitocin jijiya suka duba waɗanda aka zarga. Har yau ana kafa hujja da wannan aiki.

Mu a nan ma muna da gadon da ba mu gama cin moriyarsa ba. Yaƙin shan inna ya bar mana tsarin sa ido: duk yaron da bai kai shekara 15 ba, in gaɓarsa ta saki farat ɗaya, ana kai rahoto ga jami'in sa ido na ƙaramar hukuma, a ɗebi bayan-gidansa sau biyu cikin kwana 14, a aika ɗakin gwaji, kuma tsarin ya tanadi a sake duba wasunsu bayan kwana 60. Maɗora da wanzamai da masu kemis da masu maganin gargajiya duk an saba da su a matsayin masu tsegunta labari. Mafi yawan yaran nan sakamako kan nuna ba shan inna ba ne. Daga nan sai a rufe fayil. To me ya same su? Nawa ne numfashinsu ya taɓu? Nawa suka rayu? A nemi izinin Ma'aikatar Lafiya ta jiha a liƙa shafi guda na awon numfashi a kan wannan ziyara. Hanya ce da aka riga aka share.

Makon farko na horo, kada a fito da na'ura ko ɗaya. Ido da hannu da kunne za a fara gyarawa, kuma a gefen gadon majinyaci, ba a aji ba.

A kwantar da mutum rigingine ba matashi, mai koyo ya tsuguna har idonsa ya yi daidai da cikin. Mai lafiya in ya ja numfashi, ciki yakan taso. In shimfiɗaɗɗiyar tsokar nan da ta raba ƙirji da ciki ta mutu, sai ka ga akasi: ƙirji na tasowa, ciki na lotsawa. Wani ma ba zai yarda ya kwanta ba, zai kama hannunka ya ce a tashe shi. Wannan kaɗai amsa ce, a rubuta ta. Sai ka sa tafin hannu a goshinsa ka ce, “Baba, ɗaga kanka ka ture hannuna.” Wuyan da ya kasa ɗaga kai daga tabarma yana yawan tafiya tare da raunin numfashi, kuma shi ne abin da za a riƙa dubawa safe da yamma ga wanda ya sha maganin feshi ko da ya ce ya warke. Ka ce ya yi tari, ka saurara: tari ne mai fashewa, ko huci ne kawai? Ka tambayi mai jinya, “Inna, yana ƙwarewa in ya sha ruwa? Yana tashi da ciwon kai da safe? Yana gyangyaɗi ana cikin hira? Da dare sai an jingina shi?” Ciwon kan safe da barcin rana alama ce ta gurɓatacciyar iskar da jiki ke fitarwa tana taruwa cikin jini da dare.

Sai ƙidayar numfashi ɗaya, wadda nake so a tsaya a kanta. Ana cewa, “Ja lumfashi har ƙirji shi cika, sannan ka yi ta ƙidaya ba tsayawa.” Ana so lamba biyu a kowace daƙiƙa. Littattafan likitanci sukan ce babban mutum mai lafiya yana wuce 30, wanda ya kasa kai 20 kuwa a kula da shi sosai. Amma waɗannan alƙaluma daga masu ƙirga da Turanci aka samo su. Bahaushe in ya wuce goma, kowace lamba tana cin iska da yawa: goma sha bakwai, ashirin da takwas. Idan aka ɗora ma'aunin can a kan bakin nan, za a tsorata mai lafiya, ko a rikita lissafi gaba ɗaya. Mafita ta wucin gadi ita ce majinyaci ya riƙa ƙirga ɗaya zuwa goma yana maimaitawa, mai awo yana riƙe da agogo yana lanƙwasa yatsa a kowane zagaye. Mafita ta gaskiya kuwa bincike ce: a tara manya masu lafiya, maza da mata, su yi ƙidayar ta hanyoyin biyu, a gwada da awon na'ura, a fitar da iyakar da ta dace da mai jin Hausa. In da ni ke raba wa ɗalibai aiki, wannan zan fara bayarwa. Ba ya cin kuɗi, kuma amfaninsa zai kai har Maraɗi da Damagaram.

A mako na biyu a fito da kaya. Uku sun isa. Na farko ɗan bututun nan na roba da masu asma ke hurawa. In aka haɗa shi da abin rufe baki da hanci aka yi tari a ciki, yana auna ƙarfin tari. Ga wanda ya kai shekara 12 zuwa sama, ƙasa da lita 270 a minti na nufin mura kaɗan za ta iya kayar da shi, ƙasa da 160 kuwa tarin ba ya fitar da majina. Na biyu na'urar hannu mai auna yawan iskar da huhu ke ɗauka. A auna a zaune, a sake aunawa a kwance. In awon ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, tsokar numfashi ta raunana. Ga mai Guillain-Barré, ƙasa da mililita 20 a kowane kilo na nauyin jiki alama ce a nufi inda akwai injin numfashi tun kafin dare. Wanda bayansa ya karkace ba a auna tsayinsa a tsaye. A auna faɗin hannuwansa a miƙe daga yatsa zuwa yatsa. Na'urar tana son a riƙa gwada ta da sirinjin lita 3, a ɓoye ta daga ƙurar hunturu da zafin bazara, kuma kowane mutum da nasa abin sa baki mai tacewa, saboda tarin fuka. Mai tarin da ya wuce mako biyu a fara tura shi gwajin kaki.

Na uku shi ne ɗan abin auna oksijin da ake maƙala wa yatsa. Kowa na sonsa saboda sauƙi, shi ne kuma ya fi ruɗin mai koyo. A raunin tsoka, oksijin yakan daɗe bai faɗi ba alhali gurɓatacciyar iska ta riga ta taru. In ka jira lambar ta sauka, ka makara. Ƙari a kan haka, binciken Jami'ar Michigan na 2020 ya nuna na'urar tana ɓoye ƙarancin oksijin a baƙar fata kusan ninki uku fiye da farar fata. Lalle ma yana iya dagula karatunta, don haka a gwada wani yatsan. A yi amfani da ita, amma kada a ba ta hukuncin ƙarshe.

Akwai labarin da nake so kowane mai horarwa ya ba ɗalibansa, domin shi ne asalin wannan fanni. A 1952 shan inna ya mamaye Kofanhegan, babban birnin Denmak. Asibitin Blegdam yana da injin numfashi na ƙarfe ɗaya tak da wasu ƙanana shida. Cikin mutum 31 na farko da numfashinsu ya gaza, 27 suka mutu. Likitoci suna ganin sakamakon jini suna fassara shi ta wata fuska, sai wani likitan sa barci, Bjørn Ibsen, ya ce matsalar ita ce iska ba ta shiga tana fita yadda ya kamata, gurɓatacciyar iska ce ke kashe su. Ranar 27 ga Agusta ya gwada a kan wata yarinya 'yar shekara 12: aka huda maƙogwaro, aka sa bututu, ya riƙa matsa jakar roba da hannu, ta rayu. Daga nan ɗalibai kusan 1,500 suka riƙa karɓa-karɓa dare da rana suna matsa jaka, wani likita kuma, Poul Astrup, yana auna jini ana gyara yawan matsawar. Mace-mace suka sauko daga kashi 87 zuwa kimanin 40. Abin lura a nan shi ne kayan aikinsu bai fi namu ba. Fahimtar abin da ya gaza da kuma awon da aka yi ta maimaitawa su suka juya lamarin. Daga nan ne kuma ake ɗauko gargaɗin da ya kamata a rubuta a bangon kowane ɗakin jinya: oksijin kaɗai ba ya maganin raunin tsokar numfashi, yana ma iya sa majinyaci ya nutse cikin barci. In za a ba shi, a ba shi ana tsaye a kansa, jakar hura iska tana kusa. Haka nan allurar barci, da allurar jentamaisin ga mai cutar da ke sa fatar ido ta riƙa faɗuwa da yamma, suna iya ƙarasa ɗan ƙarfin da ya rage.

Awo ba ya zama bincike sai ya zama ɗaya a hannun kowa. Kafin a sallami masu koyo, mutum biyu su auna majinyaci ɗaya ba tare da ɗaya ya ga takardar ɗaya ba, a kwatanta. In sun saɓa sosai, a koma baya. A maimaita wannan bayan wata uku, domin hannu yana zamewa. A rubuta a littafi mai ƙarfi, a kuma shigar a waya da manhaja irin ODK ko KoboToolbox, waɗanda ke aiki ba intanet. Babban abin da nake roƙo shi ne a kashe tsoron gurbin da babu komai. Ƙaramin ma'aikaci yakan ji kunyar mayar da takarda da rami, sai ya cike da lambar da ta yi kama da gaskiya. Malam mai horarwa, kai ne za ka nuna masa cewa “ya kasa hurawa” ko “ba a same shi ba” amsa ce mai daraja, kuma ba za a rage masa alawus saboda ita ba. Wanda ya rasu ma a rubuta, a je ta'aziyya tukuna, bayan kwanaki a nemi jin yadda darensa na ƙarshe ya kasance.

Ba za a yi maganar Gandi a tsallake tsaro ba. Tun harin da aka kai ƙauyen Tabanni a Yulin 2018 garin ya karɓi 'yan gudun hijira, kuma har yanzu akwai hanyoyin da ba a bi yadda aka ga dama. Wannan yana shafar bincike ta hanya biyu. Mutane suna ƙaura, don haka a rubuta garin asali da inda ake zaune yanzu da lambar waya biyu, a daidaita ranar dawowa da ranar kasuwa. Kuma mai rauni shi ne wanda ba ya iya gudu, shi ne wanda ba zai iso asibiti ba. Duk alƙaluman da aka tara za su gaza gaskiya, dole rahoto ya faɗi haka a sarari, ya ambaci ƙauyukan da ba a kai gare su ba. Babu wata takarda da ta kai ran ma'aikaci. In mai gari ya ce kada a je, kada a je.

Sai amana. Mutanen Arewa ba su manta gwajin maganin Trovan a Kano a 1996 ba, kuma kowa ya san yadda zargi ya tsayar da rigakafin shan inna a 2003. Saboda haka izinin kwamitin ɗa'a na asibitin koyarwa ko na Ma'aikatar Lafiya wajibi ne, amma bai wadatar ba. A gaida hakimi da limami, a yi bayani ga maigida da uwar yaro, da Hausa, a baki, a kuma tambayi majinyacin kansa. A faɗa masa yana da ikon ƙi, kuma ƙin ba zai hana shi magani ba. Kada a yi alkawarin warkarwa ga cutar da ba ta warkewa. Abin da za a iya alkawartawa shi ne a koya wa iyali yadda ake jingina shi, yadda ake ba shi abinci mai kauri kaɗan-kaɗan yana zaune, yadda ake danna saman ciki a taimaka masa tari, da yadda ake tara masa iska da jakar hura iska, duk a ƙarƙashin idon likitan gashin ƙashi.

Wanda ya nuna hazaƙa kada a bar shi a matakin cika takarda. Akwai shirin MECOR na Ƙungiyar Likitocin Ƙirji ta Afirka, wanda ya fara a nahiyar nan a 2007, yana koyar da tsara bincike da lissafi da rubutu mataki-mataki. Akwai shirin horar da masu bin diddigin cututtuka na Najeriya, wanda aka kafa a 2008 tare da Jami'ar Ahmadu Bello da ta Ibadan. A cikin Sakkwato kanta akwai cibiyar CAMRET ta Jami'ar Ɗanfodiyo. Malamai su taimaka wajen cike takardun nema, su kuma sa sunan ma'aikacin Gandi cikin marubuta in ya yi aikin da ya cancanci haka.

Kafin a auna mutum na farko, a zauna a amsa tambaya ɗaya a rubuce: in awo ya nuna haɗari da ƙarfe tara na dare, me za a yi? A san wace mota ce, wane direba, wa ya riƙe kuɗin mai, wa zai zauna baya da jakar hura iska, wane likita za a kira a asibitin koyarwa tun kafin a tashi don a ji ko akwai gado. In hanya ba ta biyuwa da dare, a sassauta iyakar turawa, a tura majinyaci tun da rana da zarar awon yau ya gaza na jiya. Kuɗin wannan ya shiga kasafin bincike a layin farko, gaban kwamfuta da kuɗin taron bita.